Littafi Ɗaya, Mutum Biyar: Wahalar Sayar da Wasan Labari na Kan Tebur

Akwai wani irin wasa da ba shi da gurabe kamar dara, ba shi da gida-gida kamar ludo, kuma ba a tashi daga gare shi da wanda ya ci da wanda aka cinye. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, ɗaya ya zama jagoran labari, sauran kowa ya ɗauki rawar wani mutum da ya ƙirƙira, da sunansa da halinsa da abin da ya iya a rubuce a 'yar takarda. A ce jagora ya shimfiɗa labarin ayarin fatake da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja saro goro. Wannan madugu ne, wancan jagaba, na uku uban dawaki, ta huɗu mai tuwon sayarwa da ke bin ayari. Jagora ya ce an iso gulbi ya cika ya batse, ga mai fito yana neman kuɗin da ya wuce kima, ga raɗe-raɗin 'yan fashi a baya. Madugu ya ce zai nemi ragi, jagaba ya ce shi zai bi gaɓa ya nemo mashigi. Sai a jefa ɗan ludo, a haɗa abin da ya fito da lambar gwanintar da ke takardar mutum, dokar littafi ta yanke ko an dace ko jakai biyu sun tafi da ruwa. Daga nan labari ya kama hanyar da shi kansa jagoran bai san da ita ba.

Wannan wasa ya shiga kasuwa a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kwafi 1,000 aka fara bugawa, kowane a kan dala 10. Yau sana'ar ta yi girma, amma masu ita har gobe suna gardama kan tambaya guda: a buga a takarda ko a sayar da fayil ta intanet? Ga duk wanda ke tunanin kawo wasan Kano, ko rubuta nasa da Hausa, ra'ayina shi ne tambayar ta zo kafin lokacinta. Takarda da fayil kowane na da ramin da yake zubar da kuɗi, kuma babu wanda zai ciyar da marubuci a garin da ba a riga an samar da masu zaman wasan ba.

Matsalar farko tana cikin wasan kansa. Littafin dokoki guda ya ishi mutum biyar, kuma galibi jagora ne kaɗai ke saye. Sauran fensir da takarda kawai suke buƙata. Bayan haka littafin ba ya ƙarewa. Mai karanta labarin soyayya in ya gama na ɗaya zai nemi na biyu, amma wanda ya mallaki dokokin wasa zai iya shekara goma yana ƙirƙiro labarinsa ba tare da ya sake kashe ko kwabo ba. Wato duk yadda littafi ya yi kyau, haka yake rage wa mai saye dalilin dawowa. Shi ya sa kamfanoni ke ta fitar da ƙarin littattafan labarai da taswirori da sabon bugu, kuma yawan yin hakan na cikin abin da ya durƙusar da TSR har kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, shi ma Hasbro ya saye Wizards a 1999.

A ɓangaren takarda, nauyin yana kan wanda ya fara sa kuɗinsa. Littafin wasa na zamani yakan haura shafi 300, da bango mai tauri da zane mai launi kusan a kowane shafi, kuma mai zane ba ya jiran a sayar kafin a biya shi. Maɗaba'a ba ta rage farashi sai an buga dubbai, dubban kuma sai an nema musu sito. A tsarin da aka saba a Amurka, dillali na karɓar littafi a kan kamar kashi 40 cikin ɗari na farashin da ke bango, ya miƙa wa mai kanti, kuma daga wannan kashi 40 ne mawallafi zai fitar da kuɗin bugu da dako da haƙƙin marubuci. Ko sarƙar da kanta ba ta da tabbas: a Janairun 2025 kamfanin Diamond, mai Alliance a lokacin, ɗaya daga cikin manyan dillalan wasanni a Amurka, ya shiga kotu neman kariyar fatara, kayan ƙananan mawallafa da dama suka maƙale a sitonsa. Hanyar da ta ceci wasu ita ce karɓar kuɗin masu saye tun kafin bugu ta dandalin Kickstarter, inda wasan Avatar Legends ya tara fiye da dala miliyan 9 a 2021. Sai dai Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da dandalin ya yarda mazaunansu su buɗe neman tallafi.

In aka juyo gida, lissafin ya fi muni. Manyan littattafan Dungeons & Dragons uku ne, kowane kusan dala 50. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, wato littattafan uku sun kai naira 225,000 kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan, a jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000. Ko a unguwar Nassarawa GRA ta Kano, inda ake da iyayen da ke biyan kuɗin makaranta mai tsada ba tare da gumi ba, da wuya a sami mai kantin da zai ɗaure jarinsa a kan littafin da wataƙila mutum biyu ne za su tambaya a shekara. Bugawa a gida ma ba ta tsira daga dala ba, domin masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biya wa ƙasar buƙata, takarda da tawada da farantan bugu duk daga waje ake shigo da su.

To, ai sai a koma fayil, in ji mai saurin yanke hukunci: babu sito, babu dako, babu ruɓewa. Gaskiya ne fayil ya buɗe ƙofa ga dubban ƙananan marubuta, musamman ta kasuwar DriveThruRPG, wadda ke cire kashi 30 ko 35 cikin ɗari ta bar wa mai littafi saura. Amma mai saye yana ganin abin da ba a buga ba bai kamata ya yi tsada ba, alhali kuɗin rubutu da zane da tacewa ba su ragu ba. Sannan fayil ba ya zama inda aka ajiye shi. Kasuwar takan buga sunan mai saye a gindin kowane shafi don ya ji kunyar rabawa, masu rabawa kuma sun iya gogewa. A Afrilun 2009 Wizards ya fusata da satar fasaha ya janye duk fayilolinsa daga kasuwa, abin da ya hana mai son biya samu, bai kuma hana ɓarawo ɗaukar hoton shafukan littafin takarda ba. A 2013 kamfanin ya dawo da tsofaffin littattafansa kasuwa. Darasin da ya ɗauka daga baya ya fito a 2022, da Hasbro ya biya dala miliyan 146.3 ya sayi D&D Beyond, dandalin da mutum ke shiga ya karanta dokoki ya ajiye takardar ɗan wasansa, yana biyan kuɗin wata-wata in yana son ƙarin hidima. Babban kamfanin da ya fi kowa ƙarfi a sana'ar ya karkata ga sayar da hidimar da ba a iya turawa ta waya.

Bakano ba ya buƙatar Amurka ta koya masa wannan, don ya gani a littattafansa. Adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980 a kan 'yan littattafai marasa kauri, a takarda mai araha, ana raba labari kashi-kashi don kowane ya yi daidai da aljihun ɗaliba ko matar aure. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun yi suna ta wannan hanya, kuma tun a lokacin masu ba da haya sun nuna cewa kwafi ɗaya na iya zaga unguwa guda. Da waya ta zo, kasuwar ta koma Facebook da Wattpad da WhatsApp. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, ta ce mai son ci gaba ta tura kuɗi a sa ta a guruf, ta cika kan kowane shafi da roƙo da Allah-ya-isa ga duk wadda ta fitar mata da littafi, kafin gari ya waye kuma an fitar. OkadaBooks, da aka kafa a 2013 don sayar da littattafan Nijeriya ta waya, kuma marubutan Hausa da yawa suka jingina da shi, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk da haka marubutan da suka tsaya da ƙafarsu ba su rasa masu biya ba, kuma abin lura shi ne abin da ake biya ɗin: samun shafi da ɗuminsa, da zama cikin masu sharhi, da jin cewa marubuciya na amsawa. Wanda ya jira na sata ya sami rubutun, ya rasa hirar.

Wasan labari ya fi littafin hikaya dacewa da wannan, domin shi zaman ne wasan. Ko an tura wa mutum fayil ɗin dokoki kyauta, in ba shi da jagoran da ya iya ba da labari da abokai huɗu da wurin zama na awa uku, bai mallaki komai ba. Don haka tsarin da nake ganin zai yi aiki a Kano shi ne a saki dokokin asali kyauta ta waya, a taƙaice, da Hausa, a shafi da ke karantuwa a ƙaramin allo. A buga 'yan littattafan labaran wasa masu shafi 30 ko 40, baƙi da fari, a farashin da bai fi na katin waya ba, domin a kan tebur takarda ta fi: ba ta mutuwa in an ɗauke wuta, ana miƙa ta hannu zuwa hannu, saƙo ba ya shigowa ya ɗauke hankali. Kuɗin gaske kuma ya fito daga kujera, wato daga zaman da ƙwararren jagora ke gudanarwa a gidan shan shayi ko kulob ɗin makaranta ko ɗakin karatu irin na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello. Akwai misali a kusa. NIBCARD Games, da Kenechukwu Ogbuagu ya kafa a Abuja, ya haɗa ƙera wasannin tebur da buɗe wurin zaman yin su da shirya taron shekara-shekara, kuma a 2021 ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake girmamawa ƙwarai a sana'ar. Yawancin kayansa wasannin allo da kati ne, amma hanyar ɗaya ce: ya tara 'yan wasa kafin ya jira masu saye.

Za a ce wanda ya ba da dokokinsa kyauta ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Amsar ita ce fayil ɗin zai fita ko an so ko ba a so, saura kawai a zaɓi ya fita da sunan mai shi da adireshin wurin zama, ko ya fita a ɓoye. Wizards kansa tun 2000 ya ba kowa lasisin amfani da ginshiƙin dokokinsa, kuma da ya yi yunƙurin ƙuntata lasisin a Janairun 2023, hayaniyar masu saye ta sa ya janye cikin 'yan makonni. Wasu ƙananan mawallafa kuma, a shirin Bits and Mortar, suna ba da fayil kyauta ga duk wanda ya sayi littafin takarda a kanti. Za a kuma ce in aka fara zaman daga Nassarawa GRA, an mayar da abin wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, kuma zai tabbata in aka tsaya kan littattafan Turanci na dala 50. Amma unguwar tana da abin da gwaji ke buƙata, wato wuraren zama masu wuta da makarantun da ke iya biyan jagora, kuma jagoran da aka horar a titin Sultan da ke unguwar, yamma na yi zai koma Fagge ko Gwale ko Kurna da ɗan littafinsa a aljihu. Masu karanta littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da waɗanda suka tashi da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, ba baƙin irin wannan labari ba ne.

Ƙalubalen da ya fi waɗannan nauyi na addini ne, kuma wanda ya raina shi bai san garin ba. Malamai da yawa suna hana wasa da ɗan ludo ko da babu kuɗi a ciki, kuma littattafan da ake shigowa da su cike suke da bokaye da gumaka da aljanun da ɗan wasa ke ƙulla alkawari da su. Ko a Amurka an yi wa wasan bore a shekarun 1980 bisa zargin tsafi, har TSR ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. A Kano kuwa akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma marubuta ba su manta da littattafan da aka ƙona a 2007 zamanin shirin A Daidaita Sahu ba. Mai sayar da fayil na iya ɗaukar cewa hukuma ba ta ganinsa, amma mai tara yara a tebur a bainar jama'a yake, kuma uba ɗaya da ya ga hoton ƙaho da wutsiya ya isa ya watsa zaman. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne babu ɗaya daga cikin abubuwan biyu da ya zama dole. Tun 1991 aka fitar da Amber, wasan labari da ba a jefa komai a cikinsa, gwanintar ɗan wasa da hujjarsa ke yanke hukunci. Labari kuwa, tarihin ganuwar Kano da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da hanyar Agadas ya ishi marubuci aikin shekaru ba tare da ya aro dodon kowa ba. Wanda zai rubuta irin wannan littafi ya kai wa malamai da hukumar tacewa su duba tun yana rubutun hannu, kafin ya biya maɗaba'a kuɗin faranti.