Kwamfutar kwantam: Ina hanya ga ɗaliban Kaduna?

Ɗalibin da ke Unguwar Dosa a Kaduna ba sai ya je Amurka ba kafin ya gwada kwamfutar kwantam, domin tun shekarar 2016 kamfanin IBM ya buɗe tasa ga jama'a ta intanet.

Kwamfutar da aka saba da ita tana lissafi ne da sifili ko ɗaya, ita kuwa wannan tana iya haɗa biyun a lokaci guda.

Sai dai aikin bincike a fannin na buƙatar zurfin ilimin lissafi da fiziks, galibi har digirin digirgir.

Ana iya aza harsashin a Jami'ar Jihar Kaduna ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, amma manyan ɗakunan gwajin, da guraben aikin, suna ƙasashen waje.