GANSAKUKAR RUFIN GIDA: SHIN FESHIN RUWA MAI ƘARFI NE MAGANINTA?

Gabatarwa

A ƙasashe masu yawan ruwa da sanyi, irin su Ingila da Jamus da arewa maso yammacin Amurka, akwai wani ɗan tsiro kore mai taushi da yakan lulluɓe rufin gidaje kamar an shimfiɗa darduma. Masu gidaje da dama sukan ɗauko injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin wanda muke gani a wuraren wankin mota, su wanke shi cikin yini guda. Rufi ya fito fes, amma sau da yawa an yi masa illar da ta fi ta tsiron. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda tsiron yake rayuwa, domin sai an san halin abu ake sanin maganinsa.

Mece ce gansakukar rufi?

Da kalma guda, wato gansakuka, Bahaushe yake kiran halittu daban-daban. Akwai gansakukar ruwa, wadda muke gani a kududdufi da gindin randa. Akwai kuma gansakukar tudu, wadda ita ce abin maganarmu. Ita cikakken tsiro ce mai ɗan kara da ƙananan ganye, kuma masana sun ƙididdige nau'o'inta kimanin 12,000. Daga cikin waɗanda aka fi samu a rufi da katangu a Turai akwai Grimmia pulvinata da Tortula muralis.

Abubuwa uku ne suka bambanta ta da gero ko dawa. Na farko, ba ta da saiwa ta gaskiya, sai wasu zarurruka sirara da take maƙalewa da su. Ruwa da abinci ta jikin ganyenta take sha, daga ruwan sama da raɓa da ƙura, don haka ba ta bukatar ƙasar noma. Na biyu, ba ta fure, ba ta kuma 'ya'ya. Tana yaɗuwa ne ta hanyar ƙwayoyin iri masu kama da ƙura, waɗanda iska ke kwasa, kuma ko ɗan gutsuren ganyenta yana iya tsirowa. Sai dai kafin a sami wannan iri, dole ƙwayar namiji ta yi iyo cikin laimar ruwa ta tarar da ta mace. Na uku, nau'o'i da yawa sukan bushe ƙayau tsawon watanni, amma da zarar ruwa ya taɓa su sai su farfaɗo cikin 'yan mintoci.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa ta fi son inuwa da laima da wuri mai kaushi. A Turai ta fi yawa a ɓangaren rufin da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta cika bugawa ba, da kuma ƙarƙashin rassan itatuwa. Tana kuma son iska mai tsabta. Bayan da Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska a 1956, sakamakon hayaƙin da ya hallaka dubban mutane a Landan a 1952, hayaƙin gawayin kwal ya ragu sannu a hankali, irin waɗannan tsirrai kuma suka riƙa komawa biranen da suka ƙaurace wa.

Illar da take yi

Gansakuka ba ta cin rufi, amma tana riƙe ruwa kamar soso. Idan sanyi ya tsananta, ruwan da ya shiga tsaga yakan daskare, girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100, tsagar ta ƙara buɗewa. Haka nan idan ta yi kauri takan ɗaga bakin fallayen rufi, gutsattsarinta kuma su toshe indararo, ruwa ya koma jikin bango. Ke nan akwai dalilin cire ta idan ta yi yawa. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya?

Abin da injin feshi yake yi wa rufi

Injin feshin da ake amfani da shi a gida yakan tura ruwa da ƙarfin da ya kai kusan ninki 50 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Shi kuwa rufi an tsara shi ne domin ruwan da ke saukowa daga sama: kowane falle yana hawa kan na ƙasa da shi, kamar ɓawon kifi. Idan aka harba ruwa daga ƙasa ko daga gefe, sai ya kutsa ta ƙarƙashin fallayen, ya jiƙa katako da silin.

A Amurka yawancin gidaje an rufe su ne da fallayen kwalta waɗanda aka barbaɗa wa ƙananan tsakuwa. Tsakuwar nan ce ke kare kwaltar daga zafin rana, kuma ita ce injin yake fara kankarewa. Shi ya sa ƙungiyar masu ƙera irin wannan rufi a can ta yi gargaɗin kada a yi amfani da injin a kansa. Tayil ɗin siminti, wanda ya yawaita a Birtaniya, shi ma yakan rasa santsin fuskarsa, ya ƙara kaushi. Wurin da ya yi kaushi kuwa shi ne gansakuka ta fi so. Tun da inuwa da laima suna nan, iri kuma bai daina yawo a iska ba, bayan 'yan shekaru sai ta dawo. Ga kuma haɗarin zamewa daga jiƙaƙƙen rufi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Haɗari mafi girma: rufin asbestos

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata da dama a Nijeriya an rufe su da fallayen siminti da aka cuɗa da asbestos, wani ma'adini mai zarurruka waɗanda ido ba ya gani. Irin wannan rufi yana da kaushi, don haka yakan yi kore ko baƙi da damina, musamman a wurare masu laima kamar Jos da kudancin ƙasar. Muddin fallen yana nan lafiya, siminti yana riƙe da zarurrukan. Amma ruwa mai ƙarfi yakan farfasa fuskarsa, ya watsa taɓo mai ɗauke da asbestos a tsakar gida da maƙwabta. Idan taɓon ya bushe sai ya zama ƙura, mutane su shaƙa.

Zarurrukan sukan maƙale a huhu, su haddasa tabon huhu da ciwon daji, kuma cutar takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar asbestos a wurin aiki. Birtaniya ta haramta amfani da shi a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. A Jamus da Ostireliya doka ta hana wanke irin wannan rufi da injin feshi. Saboda haka, kada a fesa shi, kada a kankare shi, kada kuma a hau shi, domin tsohon falle yana iya ruftawa da mutum.

Hanyar da ta fi dacewa

Ga rufin da ba na asbestos ba, matakin farko shi ne a sauya yanayin da tsiron ke so: a sassabe rassan da ke inuwa, a share ganye, a yashe indararo. Sannan a cire mai kaurin da buroshi a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Masu ƙera fallayen kwalta suna ba da shawarar a gauraya ruwan bilic da ruwa daidai wa daida, a yayyafa, a bar shi minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi, tare da kare shuke-shuken da ke ƙasa.

Wasu kuma sukan shimfiɗa siririn falle na tutiya ko jan ƙarfe a ƙololuwar rufi. Duk lokacin da aka yi ruwa, sai ya wanko ɗan kaɗan daga ƙarfen, wanda guba ne ga gansakuka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a cika ganinta a kan kwanon rufinmu ba: an shafe shi da tutiya, yana da santsi, ga shi kuma yana ɗaukar zafi ya bushe da wuri.

Kammalawa

Malamai na iya nuna wa ɗalibai juriyar wannan tsiro a cikin aji. A samo busasshiyar gansakuka daga gindin katanga, a ɗora a kan faranti, a ɗiga mata ruwa, a duba da gilashin ƙara girma yadda ganyenta ke buɗewa ya koma kore. Tsiron da ke farfaɗowa haka ba ƙarfin ruwa ne zai raba shi da rufi ba, sai an hana shi inuwa da laima. Kafin a taɓa kowane tsohon rufi kuwa, a fara tabbatar da abin da aka yi shi da shi.