Zafin Na'ura da Gaskiyar Awo a Tseren Keke na Cikin Ɗaki

Tun fitowar manhajar Zwift a 2014, tuƙa keke a cikin ɗaki ya wuce dabarar kauce wa hunturun Turai da Amurka, ya zama fagen gasa. Kullen korona ya ƙara masa kasuwa, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasarta ta farko ta intanet a Disambar 2020, inda Jason Osborne na Jamus da Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu suka zama zakaru. A wannan fage na'urar da aka ɗora keken a kai ce alƙali: ita ke auna ƙarfin ƙafa da ma'aunin wat, manhaja kuma ta mayar da shi gudu. Awo na karkacewa, sakamako ya bi shi.

Babban abin da ke karkatar da awon shi ne zafi. Da yawa daga cikin na'urorin, lissafi suke yi: su duba gudun faifan ƙarfe da ƙarfin birkin maganaɗisu, sannan su ƙara abin da gogayya ta cinye a hanya. Ita kuwa gogayya ba ta zama wuri ɗaya. Kafin a fara, giris ɗin boris yana da kauri, bel a sandare; da an tuƙa kaɗan sai su saki. A nau'in da tayar baya ke gugar gangar ƙarfe abin ya fi muni, domin roba na laushi, iskar taya kuma na kumbura da zafi. Wanda ya saita na'ura da sanyinta ya koya mata cewa gogayya na da yawa, don haka da ta ɗumama sai ta riƙa ba shi ƙarfin da ba nasa ba.

Shi ya sa masu ƙerawa ke cewa a tuƙa kamar minti goma tukuna, a kai gudu wajen kilomita 36 a awa, a saki feda, na'ura ta ƙirga lokacin da faifan ke ɗauka yana rage gudu. Tamkar mai sikeli ne da ke mayar da allura sifili kafin ya ɗora kaya. Ko an yi hakan, akwai gibi: kamfanin Wahoo ya ce KICKR SNAP na iya kaucewa da kashi 3 cikin ɗari, sabbin KICKR kuma kashi 1. Ga mai buga wat 300, kaucewar wat 9 ke nan a na farko, wat 3 a na biyu.

Illar ta kasu biyu. Mai atisaye da ya gwada ƙarfinsa a kan na'ura mai ƙari zai tsara horon da ya fi ƙarfinsa, ya gaji ba gaira ba dalili. A gasa kuwa zargi ne ke shiga tsakani, domin mai son maguɗi na iya ɓata saiti da gangan. Wannan ya sa manyan gasanni ke neman awo na biyu daga feda don a kwatanta, kuma a gasar 2020 an raba wa kowa na'ura iri ɗaya, Tacx Neo 2T.

Kamfanoni sun bi ta hanyar cire hannun mutum. Tacx Neo ta 2015 ba ta da bel, ba ta buƙatar saiti. KICKR ta 2020 da kanta take saita kanta. Ci gaba ne na gaske, sai dai yana da tsada, kuma masu tsofaffin na'urori na nan birjik a fagen. A gare su maganin yana hannu: iskar taya iri ɗaya kullum, ɗumama na'ura kafin saiti, da sake saiti duk lokacin da aka taɓa taya ko aka sauya ɗaki. Minti goman nan ma jiki na buƙatarsu, kuma wanda ya kiyaye waɗannan matakai ne kaɗai zai iya kwatanta ƙarfinsa na bana da na bara da tabbaci.