Me Ke Sa Ƙashi Ya Yi Rauni?

Ƙashin mutum abu ne mai rai. Kullum ana rushe shi kaɗan-kaɗan, ana kuma gina sabo, kamar yadda ake kankare tsohon yaɓe a sake sabo. A cikin ƙashi akwai ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu: masu rusawa da masu gini. Ido ba ya ganinsu.

Abin da ke ba ƙashi ƙarfi shi ne sinadarin kalsiyam. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye a ƙashi da haƙora. Wato ƙashi shi ne rumbunsa. Sauran yana cikin jini da tsoka, domin zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi.

Idan kalsiyam ya ragu a jini, wasu ƙananan kaluluwa huɗu a wuya sukan aika saƙo zuwa ƙashi. Nan take masu rusawa su ƙaru, su narkar da ƙashi, kalsiyam ya shiga jini. Idan ya wadata, saƙon ya tsaya, su lafa. Amma in abinci ba ya kawo kalsiyam, rumbu ake ta ɗiba ba a zubawa. Yaro sai ƙafafunsa su lanƙwashe ko su yi gwame. Tsohuwa kuma ƙaramar faɗuwa ta karya ta.

A 1999 likitoci a Jos sun nuna cewa yara masu lanƙwasassun ƙafafu sun warke da aka ba su kalsiyam. Ranar da ke taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyam ba ta yi musu ƙaranci ba, abincin ne ya gaza.

Tuwon shinkafa, na masara da na gero suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Mutanen Bagudo, Illo da Lolo da ke bakin iyakar Benin suna da magani a kusa. Akwai ƙananan kifin kogin Neja, a busar a daka su da ƙayarsu a zuba a miya. Akwai nonon Fulanin Kaoje, da kuka, zogale da riɗi.

Yara masu tasowa, mata masu ciki da masu shayarwa su suka fi bukata. Yaron da ƙafarsa ta fara lanƙwasa, a kai shi asibiti da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.