Kambun Kokawar Da Tsani Da Kare Suka Taɓa Riƙewa A Japan

A ran 29 ga watan Afrilu na 2014 ba a yi wani abin mamaki ba a idon masu kallon kokawar kamfanin DDT da ke birnin Tokyo, sai dai ga baƙo. Shugaban kamfanin, Sanshiro Takagi, ya ci wani kambu, ya zama na 999 a jerin waɗanda suka riƙe shi, ya kuma ce zai jingine kambun har abada. Nan take Poison Sawada, wanda ya ƙago kambun, ya maka masa ɗamarar. Takagi ya faɗi rigingine, ɗamarar ta faɗo bisa ƙirjinsa, alƙalin wasa ya ƙirga uku. Ta haka ɗamarar ta ci kanta, ta zama zakara na 1,000.

Kafin mai karatu ya ce wannan shiririta ce, ya kamata ya san irin kokawar da ake magana. Ba irin tamu ba ce ta bayan kaka, wadda da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. Wannan kokawar nuni ce: an shirya wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fage, amma faɗuwar da targaɗen na gaske ne. Ana cin wasa in an danne kafaɗun abokin karawa har alƙali ya ƙirga uku, ko kuwa in shi da kansa ya ce ya sallama.

Mutanen Japan ba su ɗauki wannan sana'a da wasa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Rikidozan ya kafa ƙungiyarsa a 1953, jama'a kuwa suka riƙa cincirindo gaban talabijin ɗin da aka kafa a tituna don su ga yana kā da ƙartin Amurka. Almajiransa biyu, Giant Baba da Antonio Inoki, kowanne ya kafa nasa kamfani a 1972, suka gina kokawa bisa juriya da girmama kambu. A cikin wannan gida mai ɗaure fuska ne ƙaramin kamfanin DDT ya ɓullo a 1997, ba shi da kuɗi, ba shi da manyan sunaye. Abin da ya rage masa ya sayar shi ne dariya.

A shekarar 2000 kamfanin WWF na Amurka ya fito da wata doka ga ɗaya daga kambunansa, watau ana iya ƙwace shi dare da rana, a ko'ina, muddin akwai alƙali a wurin. Ran 29 ga Yuni na wannan shekara Sawada ya kwaikwayi dokar don ba'a, ya ƙago kambun Ironman Heavymetalweight, ya kuma naɗa kansa zakaran farko. Na Amurka ya mutu a 2002. Na ba'ar ya rayu, domin mutanen DDT sun lura da abin da dokar ba ta faɗa ba: ba ta ce sai mutum ne zai danne zakara ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Tsani ya faɗo kan zakara, aka ƙirga uku, tsani ya ci. Kare ya riƙe kambun, biri ma haka, kazalika kyanwa da kujera. Wani ɗan kokawa mai suna Shinobu ya riƙe shi fiye da sau 200, galibi ta hanyar musayarsa da Yuko Miyamoto. A 2016 Joey Ryan ya tafi da shi Amurka, inda har tauraron sunan Vince McMahon da ke daɓe a titin Hollywood ya shiga jerin zakaru.

Amma a ganina wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Yoshihiko, 'yar tsana mai girman mutum, wadda ita ma ta ci kambun. Wanda duk ya kara da ita, shi zai yi aikin mutum biyu: ya ɗaga ta, ya jefa kansa ƙasa kamar ita ta kayar da shi, ya kuma sa dubban mutane su manta roba ce. A 2009 Kota Ibushi ya kare babban kambun DDT a gabanta, wasan da har yau ake ambato. Shi Ibushin nan ne daga baya ya ci babban kambun kamfanin da Inoki ya kafa, a 2021. Masu cewa ba'ar nan tana zubar da mutuncin sana'a suna da hujjarsu, amma da wuya su ce wanda ya iya wannan bai iya kokawa ba.

Dariyar kuwa ta biya. DDT ya yi wasa a babban zauren Nippon Budokan a 2012, kamfanin CyberAgent ya saye shi a 2017. Sa'ad da aka haɗa shi da kamfanin Noah, mai tushe a gidan Baba, ƙarƙashin inuwa guda a 2020, Takagi ne aka ba shugabancin, mutumin da ɗamara ta danne shekara shida kafin nan.