Yaro Ya Miƙe, Allo Ya Dushe

Duk wanda ya bi titin filin jirgin sama na Abuja da sassafe zai ga 'yan makarantar Lugbe tuli-tuli suna neman tsallaka titi ko shiga mota. A cikinsu akwai waɗanda ba su iya karanta lambar motar da ke tafe sai ta zo gab da su. A aji kuwa sai sun ƙanƙance ido kafin su ga abin da malam ya rubuta a allo, ko kuwa su kwafa daga littafin na kusa da su. Sau da yawa bulala ke biyo baya, a ce yaro ya zama daƙiƙi, alhali kuwa bara shi ne na ɗaya.

Likitocin ido suna kiran wannan matsala mayofiya, watau mutum ya ga na kusa sarai amma na nesa ya yi masa hazo. Dalilinta kuwa shi ne ƙwayar ido tana girma kamar sauran jiki. Ta jariri tsawonta wajen milimita 17 ne, ta babban mutum kuwa wajen 24. To, idan ta zarce ƙima, ko da da milimita 1 ne, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu kafin ya kai tantanin da ke bayan ido, ya isa a dushe.

Abin da ya kamata iyaye su lura da shi shi ne lokaci. Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Singafo, aka buga a 2012, ya nuna yaran da suka riga saura miƙewa su ne ƙwayar idonsu ta riga yin tsawo, matsalar kuma ta riga kama su. 'Yan mata kan miƙe wajen shekara 11 zuwa 12, maza kuwa 13 zuwa 14. Saboda haka shekarar da uwa ke kukan riga ta ɗage wa 'yarta, ita ce shekarar da ya dace a auna idonta. Abin kan ci gaba har balaga ta kammala, galibi ya lafa wajen shekara 20.

Amma fa ba girma kaɗai ba ne. Akwai gado, akwai kuma zaman ɗaka. Lugbe da can ƙauyen Gwari ne, yanzu kuwa rukunin gidaje ne da katanga da ƙofar ƙarfe. Yaro ya taso daga boko ya wuce Islamiyya, ya dawo ya rungumi wayar uwarsa. Zaman 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan ma bai fi wannan sarari ba. A birnin Gwangzu na ƙasar Sin an ƙara wa wasu yara minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara 3, kimanin kashi 30 cikin 100 ne suka kamu, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40. Tun 2010 Taiwan ta nemi makarantunta su riƙa fitar da yara awa 2 a rana.

Tozali ba ya gajarta ƙwayar ido, ruwan tofi ma haka. Tabarau ne ke gyara gani, kuma zancen da ake yi wai shi ke ƙara kashe ido ba gaskiya ba ne. Idon ne ke ci gaba da girma, shi ya sa ake sake gilashi. Na tire a kasuwa kuwa ba na yara ba ne, sai wanda aka auna. Wanda abin ya yi wa tsanani yana cikin haɗarin ɓallewar tantanin ido da hawan jinin ido in ya manyanta, don haka ya riƙa zuwa ana dubawa. Mai ɗa a Lugbe ga asibitocin Abuja kusa. Wanda iyalinsa ke gida kuwa akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.