Abin da ke jiran iyalin da ke shirin tarewa a ƙasar waje

Mazaɓar Kwaciri a ƙaramar hukumar Fagge ba ta da nisa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma doguwar tafiya ba baƙuwar Fagge ba ce. Asalin unguwar zango ne na fataken Azbin da ke ratso hamada da raƙuma. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyata kan kwashi mata da yara su nufi gabas ta Borno da Cadi da Sudan, suna yada zango suna noma ko ƙwadago, wasu su shafe shekaru kafin su ga Makka, wasu kuma su zauna a hanya har abada. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Kogin Nilu ya samo asali ne daga waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Matafiyan wancan zamani guzuri da ƙarfin ƙafa suke buƙata. Likita ko malamin jami'a ko ɗan kasuwar da ke son tarewa da iyalinsa yau a Jidda ko Landan, takardu ne za su fara tare shi tun bai bar gida ba.

Fasfo shi ne matakin farko, kuma kowane mutum da nasa, har jaririn goye. Daga ranar 1 ga Satumba, 2025, Hukumar Shige da Fice ta mayar da kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Magidanci da matarsa da 'ya'ya uku za su biya aƙalla naira 500,000 ke nan, tun ba a zo batun biza ba.

Kuɗin ma ba shi ne ya fi cin lokaci ba. Ba a yin fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma tilas sunan da ke kanta ya dace da na sauran takardu. A nan ne al'adar sanya suna ke karo da kwamfuta. Mace ɗaya za a iske ta Hauwa'u a takardar makaranta, Hauwa a banki, Kulu a bakin kowa. A wani wuri ta ɗauki sunan mahaifinta, a wani na mijinta, a wani na unguwarsu. Gyaran harafi ɗaya na iya cin makonni. Haka batun aure. Mafi yawan aurarrakin Kano a gaban waliyyai da shaidu ake ɗaura su, a raba goro da alewa a watse, babu wanda ya rubuta komai. Ofishin jakadanci kuwa ba ya karɓar shaidar unguwa. Yana son takardar aure, da takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ƙasashe da dama na son Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da sahihancinsu, wasu ma a fassara su zuwa Larabci.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma ake yawan jinkirta ta, ita ce ko dokar ƙasar da za a je ta yarda a taho da iyali. Birtaniya ta rufe wannan ƙofa ga mafi yawan ɗalibai tun daga 1 ga Janairu, 2024. Mai karatun digiri na biyu na aji ba zai tafi da mata ko yara ba. An bar damar ga masu digirin bincike, irin na digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kai iyalansu. Wanda ya tsallake wannan shinge zai biya harajin kiwon lafiya, fam 776 a shekara kan kowane ɗalibi da kowane ɗan rakiyarsa, kuma a dunƙule ake biya tun lokacin neman biza. Ga iyali mai mutum biyar da zai zauna shekara uku, lissafin ya kai fam 11,640 ko fiye. Sai kuma gwajin tarin fuka, wanda ya wajaba a kan duk mai zama fiye da wata shida, kuma a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kaɗai ake yi.

Saudiyya, wadda ta fi kusa da zuciyar Bakano, tsarinta dabam ne. Zaman mutum yana rataye da iƙama, iƙama kuma da wanda ya ɗauke shi aiki. Tun Yulin 2017 aka ɗora haraji kan iyalan baƙin ma'aikata, aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai riyal 400 a 2020. Mata ɗaya da 'ya'ya uku riyal 1,600 ne duk wata, 19,200 a shekara. Wannan haraji ya sa baƙi da yawa suka mayar da iyalansu gida. Tsohuwar hanyar takari, wato a shiga da bizar Umara a saje, ba mafita ba ce ga mai yara: yaron da ba shi da iƙama makaranta da asibiti duk wahala suke yi masa, ƙarshen lamarin kuma sau da yawa kamu ne da tiso ƙeya.

Duk waɗannan alƙaluma a kasuwar 'yan canji ta Wapa, nan cikin Fagge, suke komawa naira. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyalan da suka tsara kasafinsu da tsohon farashi, suka sayar da fili ko mota, sun tarar kuɗin shekara uku bai kai na shekara ɗaya da rabi ba. Ɗalibi a Birtaniya ba zai cike giɓin da aiki ba, domin awa 20 kaɗai doka ta ba shi a mako lokacin karatu.

Akwai kuma abin da ake bari a baya: gidan da za a ba haya ko a sa ɗan'uwa a ciki, zubin adashen da bai ƙare ba, da tsofaffin da suka saba ganin cefane daga hannun mai tafiyar. Zagayen sallama kan cika jaka da tsaraba, sai dai ba kowace ke tsallake kwastan ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji kan wuce. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da su.

Watannin farko sun fi yi wa uwargida nauyi. Matar da ta saba da maƙwabta da 'yan aike da dangi masu leƙowa, sai ta wayi gari a ɗaki biyu, miji ya fita tun safe, ga rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Landan cikin Disamba. Yara su kan riga kowa sabawa, su kama harshen wurin cikin 'yan watanni, daga nan iyaye su shiga neman malamin da zai yi musu karatun allo ta waya. Kuɗin haya da aka saba biya shekara-shekara ya koma na wata-wata, kuma mai gida yakan nemi kuɗin ajiya kafin ya miƙa makulli.

Darasin Sudan ma bai tsufa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibai da iyalai 'yan Najeriya, da yawansu daga Kano da maƙwabtanta, sun kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su, wasu ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Tun daga lokacin masu shirin tafiya suka ƙara kula da yin rajista a ofishin jakadancin Najeriya da zarar sun sauka, da ajiye hoton kowace takarda a waya da kuma wurin wani amintacce a gida, tare da ware kuɗin tikitin dawowa da ba a taɓawa.